Kati Na Goma Sha Biyu

Duk makarantar babu mai kiranta da sunanta. Malama Kwali ake ce mata, tun daga kan Shugaba har mai shara, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don ita ta jawo wa kanta. Shekara tara tana shiga aji shida rungume da wani tsohon kwalin takalmi ruwan ƙasa, an ɗaure murfinsa da roba. A cikinsa katuna ne a jere, tsaf, kamar haƙoran mataji.

Ga yadda abin yake. Kowace shekara akwai littafin labari na Turanci da 'yan ajin ƙarshe za su karanta su yi jarrabawa a kansa. Yaran kuwa in sun buɗe shafi, kalma uku su sani, ta huɗu ta tare musu hanya. Da can malamai sukan cika allo da kalmomi su ce a kwafa, yara su kwafa, su rufe littafi, shi ke nan an binne. Malama Kwali ta ce ba da ita ba. Sai ta riƙa bin littafin shafi-shafi tana tsamo kalmomin da ta san za su gagari yara. Kowace kalma da katinta. A gaba kalmar da lambar shafinta, a baya ma'anarta da Hausa, sannan misali, ba irin na ƙamus ba, abin da yaro ya gani da idonsa a gida ko a titi. A kusurwar katin sai ta sa lambar ɗalibin da ta ba wa. Daga ranar kalmar ta zama tasa har ƙarshen shekara. Duk sanda karatu ya iso kanta, ko sau goma ne, mai kalma zai miƙe ya faɗi ma'ana da misali, sannan a ci gaba. Wannan doka ce, kuma ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Katunan kuwa Babanta ke yanka su. Shekara talatin ya yi a maɗaba'a yana yankan takarda, da ya yi ritaya hannunsa ya ƙi zama. Yakan zauna a barandar gida da rular ƙarfe da reza, ya tara kwalayen shayi da na sabulu, ya manna musu farar takarda, ya yanka su daidai wa daida. In ka haɗa ɗari ka shafa gefensu ba za ka ji ɗaya ya fi ɗaya ba. Kwalin takalmin ma nasa ne, na takalmin da ya saka ranar da aka yi masa bikin sallama a wurin aiki. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma yakan sa ta karanta masa misalan, in bai gane ba ya ce, "Ke 'yar nan, ni ban gane ba, balle yaro. Sake."

Da haka yaran makarantar suka fara cin Turanci, har labari ya kai ofishin ilimi. To, nan ne Farfesa ya shigo maganar.

Farfesa ba farfesa ba ne, mataimakin Shugaba ne. Malamai suka laƙa masa sunan don in ya tsaya a taron safe ya saki Turanci, yara kan watse ba su san ko yabonsu ya yi ko zaginsu ba. Mutum ne mai kwat da taye komai zafi, kuma yana da wata farar kwat da ba ya fito da ita sai ranar baƙi. Abu ɗaya da kowa ya sani game da shi: ba ya karanta takarda. Ka kawo masa, ya jefa mata ido daga nesa, ya ce "Na gani," ya sa hannu. Abin mamaki, Allah ya ba shi 'ya mai kaifin ƙwaƙwalwa, tana aji shida, 'yan ajin suna ce mata Ƙamus. A bencin gaba take zama, kuma Malama Kwali na ji da ita fiye da kowa, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

A tsakiyar zango na biyu Baba ya faɗi a baranda, ɓarin jikinsa ya shanye. Littafin bana sabo ne, labarin wani matuƙin jirgin ruwa da ƙaninsa, kuma ta yi katunan kowane babi sai na ƙarshe. Ta ɗauki hutun jinya, ta kai wa Farfesa makullin kabad ɗinta har ofis.

"Yallaɓai, ga amana. Duk wanda zai riƙe min ajin a ba shi kwalin. Yara sun san yadda ake yi."

"Kada ki damu, Malama," in ji shi. "Allah ya ba shi lafiya."

Wata uku ta yi tana juya Baba a gado, tana ba shi shayi da cokali. Allah bai yi zai tashi ba.

Ranar da ta koma aiki, idonta bai gama bushewa ba, ta nufi aji shida kai tsaye. Tun daga baranda ta jiyo muryar yara suna karatu, wani ya miƙe yana faɗin kalmarsa, har ta yi murmushi. Da ta leƙa ta taga sai murmushin ya mutu. Farfesa ne zaune a kujerarta ya harɗe ƙafa. A kan tebur ga wani akwatin katako yana ta sheƙi, an rubuta a jikinsa da ruwan zinariya cewa wannan sabon tsarin koyar da kalmomi ne na mataimakin Shugaba. Katunan Babanta ne a ciki, ta gane su daga inda take tsaye.

Ta wuce ofishin Shugaba. Shugaba tsoho ne, saura wata biyar ya yi ritaya, ba abin da yake so a duniya irin a bar shi ya sha shayinsa. Ya yi mata ta'aziyya, ya sunkuyar da kai, ya ce ai an yi 'yan canje-canje. Farfesa ya karɓi aji shida. Ita kuma an mai da ita ɗakin littattafai, don ta huta. Masu duba makarantu za su zo nan da mako uku su ga tsarin da idonsu, in ya burge su za a ɗauki Farfesa ya riƙa horar da malaman yankin gaba ɗaya.

"Tsarin wa, ranka ya daɗe?"

"Malama, ki yi haƙuri. Duk aikin makaranta ne."

"Ina kwalina?"

Bai sani ba. Mai shara ce ta sani. Ta ja ta bayan banɗakin malamai, ta nuna mata da tsintsiya. Ga shi nan a cikin ciyawa, ruwa ya dake shi ya bushe, ya sake dukansa, murfin ya lanƙwashe, robar ta tsinke. Malama Kwali ta durƙusa ta ɗauka. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare a wurin jinya. Abu ɗaya ta sani sarai: ta tsani mutumin nan, tsana irin wadda ba ta taɓa yi wa wani ɗan Adam ba.

Da yamma ta biya shagon Yayarta, tela ce, mace mai baki kamar almakashinta. Ta ajiye kwalin a kan teburin yanka. Yaya ta dube shi, ta tsayar da keke.

"Na Baba ne wannan?"

Ta ba ta labari tun daga makulli har bayan banɗaki.

"Kan uban nan! Kuma kika tsaya kina kallonsa? Tashi mu je gidansa yanzun nan, wallahi sai na yage kwat ɗin nan a gaban matarsa!"

"Ki yage kwat, gobe ya ɗinka wata, ni kuma a kore ni. Zauna, Yaya."

"To me za ki yi? Addu'a?"

"Har da ita. Amma ajina nake so, da sunana a kan aikina, kafin yaran nan su shiga jarrabawa. Kuma ina so ya faɗi a inda ya hau, a gaban mutanen da ya gayyato."

"Ta yaya?"

"Ban sani ba tukuna."

Yaya ta ja tsaki, ta ɗauko gam da ƙyallen da ya rage, ta shiga gyaran murfin kwalin tana zagin Farfesa da danginsa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin littattafai suna ne kawai. Wani lungu ne kusa da sito, taga ɗaya, kantoci huɗu, ƙura da kashin ɓera. Kwana shida ta yi tana kakkaɓe littattafan da ba mai nema, tana saƙa da warwara, ba ta samo hanya ba. A rana ta bakwai hanyar ta kawo kanta, da ƙafarta, tana ƙamshin turare.

"Malama, ya ƙarin haƙuri?" Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba don kada ƙura ta taɓa shi. "Wata 'yar alfarma ce. Na lura babin ƙarshe ba shi da katuna, kuma shi nake so a karanta ranar baƙi. Ni ayyuka sun yi min yawa. Ki ɗan yi guda goma sha biyu, da manyan baƙaƙe irin na sauran, kada a ga bambanci."

Kai, wani mutum ba shi da ta ido! Ta dube shi, ta dubi takalminsa mai sheƙi, sai ta ji zuciyarta ta yi wani irin sanyi mai daɗi.

"An gama, Yallaɓai. Za ka duba su in na kawo?"

"Haba, ai na yarda da ke."

Ranar Asabar da hantsi ta shimfiɗa tabarma a barandar Baba, ta ɗauko rularsa da rezarsa. Yankanta bai kai nasa kyau ba, amma ya yi. Ta buɗe babin ƙarshe, inda ƙanin matuƙin ya ci amanar wansa ya ƙwace masa jirgi, ta ce lallai marubucin nan kamar ya san da zamanta. Ta bi shafukan a jere tana tsintar kalmomi, kuma ba ta sa ko ɗaya da babu a littafin ba. Ma'anonin ma duk na gaskiya ta rubuta, ta duba ƙamus sau biyu, don ko a ramuwar gayya ba za ta koya wa ɗan wani ƙarya ba. A misalan ne ta zuba dafinta. Kowane kati in ka karanta shi shi kaɗai, misali ne kawai irin wanda aka saba. In aka karanta su a jere, yadda shafuka za su kawo su, labari ne, kuma kowa a makarantar ya san mutanen ciki.

Kati na goma sha biyu ta fi daɗewa a kansa. Ta rubuta, ta yage, ta sake, har sai da ya yi mata yadda take so, ta karanta shi da ƙarfi ta ji daɗinsa har cikin ƙashinta. A kusurwarsa ta sa lambar wani ƙaton yaro da ake kira Lasifika, mai murya kamar ta mai tallan magani, wanda ba ya jin kunyar kowa. Ƙamus kuwa ba ta sa lambarta a ko ɗaya ba. Da uban take yi, ba da 'yar ba.

Ranar Litinin ta miƙa masa. Ya jefa musu ido daga nesa, ya ce, "Na gani."

Ranar baƙi aka share makaranta har da shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa. Masu duba su uku ne, babbarsu wata dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci, ba ta da yawan magana. Aka jera musu kujeru a gefen allo, Shugaba na kusa da su. Malama Kwali aka sa ta kwaso littattafan daga ɗakinta ta raba wa yara, sannan ta tsaya a bayan aji ko za a buƙaci wani abu. Jakarta na rataye a kafaɗarta, kwalin Baba na ciki. Da ta dubi fuskokin yaran ta ga yadda suke kauce wa idonta suna cije leɓe, sai ta gane sun riga sun jera katunan sun karanta, kuma ba wanda ya fasa ƙwai.

Farfesa ya fito cikin farar kwat. Ya yi jawabi na minti ashirin, ya dafa akwatinsa ya ce, "Duk katin da ke cikin nan, ni na zauna na rubuta shi, kalma da ma'ana da misali." Dattijuwar ta rubuta wani abu a littafinta, ta ce a fara.

Wata yarinya ta soma karatu. A layi na biyar ta iso kalmar farko ta tsaya, mai kalma ya miƙe.

"*Bedridden*. Wanda ciwo ya kwantar ba ya iya tashi. Misali: wani tsoho mai yankan takarda ya faɗi a baranda, ya yi wata uku a gado."

Masu duba suka gyaɗa kai. Farfesa ma ya gyaɗa, idonsa na kan fuskokinsu, ba ya ko saurare. Karatu ya ci gaba.

"*Entrust*. Ba wa mutum amanar abu. Misali: wata mata ta ba babbanta a wurin aiki makullin kabad, ta tafi jinyar mahaifinta."

"*Covet*. Ranka ya biya wa abin da ke hannun wani. Misali: mutum ya buɗe kabad ɗin da ba nasa ba, ya ga aikin shekara tara, yawunsa ya tsinke."

Shugaba ya gyara zama, ya ciro hankici. Dattijuwar ta daina rubutu.

"*Varnish*. Man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi. Misali: ka sa kafinta ya yi maka akwati ya shafe shi, ka juye kayan wani a ciki, ka rubuta sunanka a jiki."

Duk ajin, har masu duba, suka juya suka dubi akwatin da ke kan tebur. A nan ne Farfesa ya sha jinin jikinsa. Ya janye hannunsa daga kan akwatin kamar ya taɓa tukunya mai zafi, ya ɗaga ido ya nemo ta a bayan aji. Malama Kwali ta yi masa murmushi, irin wanda ba ta yi wa kowa ba tun rasuwar Baba. Wayyo daɗi! Wata uku na jinya da mako uku na ƙura, duk ta ji suna sauka daga kafaɗarta.

"*Discard*. Yar da abu don ka gama cin amfaninsa. Misali: kwalin takalmin mamaci a bayan banɗakin malamai, ruwan sama na dukansa."

"To, to," in ji Farfesa, "ina ganin lokaci ya ƙure, baƙinmu suna da..."

"A bar su su ƙarasa babin," in ji dattijuwar, ba ta ko dube shi ba.

Suka ci gaba. Aka yi kalmar kora, da misalin malamar da aka tura lungu kusa da sito. Aka yi kalmar matsoraci, da misalin babban da ya san gaskiya ya ce a yi haƙuri, Shugaba ya shiga goge tabaransa ba ji ba gani. Zufa ta jiƙa wuyan farar kwat. Malama Kwali tana ƙirga katunan a zuciyarta, tara, goma, sha ɗaya, ta juya ta dubi Lasifika tana jiran ya miƙe ya cika aiki.

Mai karatu ta iso kalmar ƙarshe ta tsaya. Lasifika bai motsa ba. A bencin gaba aka ja kujera, Ƙamus ta miƙe, katin na hannunta.

Malama Kwali ta dubi katin da ke hannun yarinyar. Nan take ta gane abin da ya faru: mutumin nan, don son a ga 'yarsa ce ta rufe taro, ya karɓe katin ƙarshe daga hannun Lasifika ya ba ta. Yarinyar ta juyo, ba ta dubi ubanta ba, bayan aji ta duba. Kalma ɗaya ta isa. Malama ta ce "Zauna," ko ta ce "Ya isa haka," kowa ya riga ya gane, ba sai an ƙarasa ba. Har ta buɗe baki. Sai idonta ya sauka a kan akwatin nan mai sheƙi, ta ji nauyin kwalin a jakarta, ta tuna ciyawar bayan banɗaki. Ta rufe bakinta.

Ƙamus ta jira daƙiƙa biyu ko uku. Sannan ta juya gaba, ta kife katin a kan benci, don ta haddace shi.

"*Disgrace*. Zubewar mutunci a bainar jama'a, irin wadda ke sa 'ya'yan mutum su kasa ɗaga kai. Misali: mutum ya tsaya gaban baƙi cikin farar kwat yana karɓar yabo a kan katunan da bai yanka ko ɗaya ba, bai rubuta ko ɗaya ba, bai ma karanta ko ɗaya ba."

Muryarta ba ta yi rawa ba sai a kalma ta ƙarshe. Ta zauna ta sa kanta a kan benci.

Dattijuwar ta cire tabaranta ta ce, "Kwalin takalmin yana nan, ko ruwa ya cinye shi?"

Malama Kwali ta tako daga bayan aji, ta ciro shi ta ajiye kusa da akwatin. Ba wanda ya ce ta yi, ta kwashe katunan ta mai da su mazauninsu, suka shige daidai, don da ma a kan faɗinsa Baba ya yanka su. Farfesa ya buɗe baki zai saki Turanci, dattijuwar ta ɗaga masa hannu, ta ce za su yi magana a ofis.

Kafin a tashi ranar an mai da mata ajinta. Maganar horar da malamai ta bi ruwa, Farfesa ya kama ciwon kai na mako guda. Yaya da ta ji labari ta yi guɗa a shago har maƙwabta suka leƙo, ta sa aka maimaita mata wurin akwatin sau uku. Malama Kwali ta yi dariya tare da ita, dariya ta gaske. Abu ɗaya ne ba ta gaya wa Yaya ba, wato wanda ya karanta katin ƙarshe.

Ranar Litinin ta shiga aji shida rungume da kwalinta, yara suka miƙe da tafi. Bencin gaba akwai gurbi. Ƙamus ta koma can baya, jikin bango. Da aka fita tara, yarinyar ta jira kowa ya watse, ta zo gaban tebur.

"Malama, tun ranar Laraba na kai wa Abba katin. Na ce ya karanta."

"Me ya ce?"

"Ya ce shi ya rubuta shi, me zan nuna masa."

Malama Kwali ta rasa inda za ta sa idonta. "Ba ke na ba wa ba. Ki duba kusurwa, lambar Lasifika ce. Ban san yana hannunki ba sai da kika miƙe."

"Na sani, Malama. Da na miƙe ɗin fa?"

Malama Kwali ta miƙa hannu ta ce, "Kawo katin, zan sake wani misalin."

"A'a. Ma'anar daidai take, na duba. Misalin ma ba ƙarya a ciki." Ta sa katin a aljihunta ta fita.

Saura mako biyu jarrabawa suka shiga bita, babi bayan babi, kowa na miƙewa a kan kalmarsa, aji ya dawo yadda take so. Ranar da suka iso babin ƙarshe Malama Kwali ta karɓi karatun da kanta. Tun da safe ta shirya yadda za ta yi: in ta zo layin nan za ta wuce da sauri, ba za ta tsaya ba, a karo na farko cikin shekara tara. Ta zo, ta karanta kalmar a gurguje, ta zarce layi na gaba.

Daga can jikin bango aka ja kujera.

"Malama, kin tsallake," in ji Ƙamus, tana tsaye. "Kalmata ce, har ƙarshen shekara. Ke kika kafa dokar."

Malama Kwali ta sauke littafin, ta tsaya a gaban ajin da ta ƙwato, ta saurari yarinyar tun daga ma'ana har ƙarshen misali.